Yashin Wudil

Mafi yawan mutanen da suka san Wudil ta tagar mota suka san ta. Idan matafiyi ya baro Kano ya nufi gabas, bayan tafiyar kimanin kilomita 40 zai ji direba ya sassauta gudu, ya ga gada ta miƙe a gabansa, ruwa yana sheƙi a ƙasa. Kafin ya ankara yara sun kewaye motar da farantan soyayyen kifi da alewa da rake. Zai saya, ya ci, ya goge hannu, mota ta ci gaba. Wasu su karkata zuwa Gaya da Dutse, wasu su miƙe ta Birnin Kudu har Potiskum da Maiduguri. Wannan 'yar tsayuwa ita ce Wudil a wurinsa. Ni kuwa a nan aka binne cibiyata, a wani gidan ƙasa da ba shi da nisa da bakin ruwa, amma sai da na kusa kammala jami'a kafin na gane cewa sanin da na yi wa garinmu bai fi na mai leƙe ta taga ba da yawa.

Garinmu ba shi da dutsen da zai yi tinƙaho da shi. Kanawan birni suna da Dala da Gwauron Dutse, mutanen Dutse sunan garinsu ma ya ishe su shaida. Mu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa gare mu, mai dogayen itatuwan kuka da ɗorawa da gawo jefi-jefi a cikin gonakin gero da dawa. Abin da Allah Ya ba mu shi ne kogi. Mu muna ce masa Kogin Wudil, taswira kuwa Kogin Haɗeja take kiransa. Koguna biyu ne suka haɗu kafin su iso mu. Na farko Kogin Kano, wanda ya taso daga tsaunukan kudancin jihar, wajen Riruwai da gefen tudun Jos, ya ratsa dajin Falgore. Na biyu Kogin Challawa, wanda ya biyo ta yamma. Daga wurinmu ruwan ya wuce Haɗeja, ya bazu a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are, abin da ya yi saura ya gangara ta Yobe yana neman Tafkin Chadi.

Ranar da malaminmu na labarin ƙasa ya zana mana wannan hanya a allo, ya faɗi wata magana da ta zauna mini a zuciya. Ya ce yashin da muke takawa a bakin kogi ɓarɓashin duwatsun kudu ne, waɗanda rana da ruwan sama suka shafe dubban shekaru suna farfasawa, kogi yana kwaso mana kaɗan-kaɗan kowace damina. Ashe muna da dutse, sai dai a niƙe yake zuwa mana. A lokacin daɗin maganar kawai na ji. Nauyinta sai daga baya ya same ni.

Tarihin garin daga bakin kakata na fara jin sa, kafin na same shi a littattafai. Takan ce ƙasar nan ta Joɓawa ce, Fulanin da suka zauna a Utai da kewaye da shanunsu da allunansu. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso ƙasar Kano bayan shekarar 1804, Malam Bakatsine ne ya jagoranci Joɓawa, suka haɗa kai da sauran gidajen Fulani har mulkin Sarki Alwali ya zo ƙarshe a 1807. Daga wannan gida sarautar Makaman Kano ta ci gaba da fitowa, kuma Makama yana cikin manyan hakimai huɗu masu zaɓen Sarkin Kano, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, Wudil ta zama mazaunin Makama. Kakata ba ta san shekarun nan ba, amma ta san ma'anarsu. Takan ce: "Garin da ake jin ta bakinsa kafin a naɗa sarki ba ƙauye ba ne, ko da kuwa da kara aka yi dangarsa."

Bayan sarauta sai boko ya zo ya ƙara wa garin wani suna. Kwalejin horon malamai ta Wudil ta yaye malaman da suka bazu a makarantun Arewa, makarantar koyon sana'a kuma ta yaye masu aikin hannu, cikinsu har da Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda a zamanin gwamnatinsa ta farko aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a garin a 2001. A 2022 aka sauya mata suna zuwa na Aliko Ɗangote. Makarantar horon manyan jami'an 'yan sanda kuwa tun 1996 take nan. Ƙidayar 2006 ta ce mutum 185,189 ne a ƙaramar hukumar, daga cikin gari har Darki da Indabo da Lajawa da Achika da Kausani da sauransu. Yau idan ka zauna a teburin mai shayi za ka ji Hausa da Fulatanci da Barbarci da Yarbanci da Turancin ɗalibai duk a benci ɗaya.

Amma wanda yake son ganin Wudil da ranta, ya zo ranar Juma'a. Tun daren Alhamis ƙura take tashi a kara. Shanu suna shigowa a ƙasa da kuma cikin manyan motoci, farare da jajaye masu dogayen ƙahoni, daga ƙauyukan kusa da kuma nesa har ƙetaren iyaka. Dillalai suna kai da komo, a yi tayi, a yi albarka, a sallama, a cire la'ada. Kafin magariba tireloli sun jeru sun nufi Kudu. A wannan rana kowa yana da abin yi: mai fura, mai igiya, mai yankan farce, mai ruwan sanyi, yaron da zai riƙe maka akuya ka je masallaci ka dawo. A gefen titi kuma tukwane da tuluna da randuna da kasake suna jere, jajaye kamar garwashi. Wasu daga cikinsu hannun kakata ne ya gina su.

Gidanmu kacokan a kan kogi ya dogara. Kakata maginiya ce. Yumɓunta daga fadama ake haƙo shi. Mahaifina yana da kwale-kwale da koma, yana kuma da 'yar gona a bakin ruwa inda yake noman rani: tumatir, albasa, attaruhu, wani lokaci alkama. A tsakiyar gonar akwai wani mangwaro da kakana ya dasa. Baba ya sha sa ni in ƙirga takuna daga gindinsa zuwa bakin ruwa, don kada in wuce iyaka idan yana cikin jirgi. Da takunsa 40 ne cif. Wannan lissafi shi ne darasin awon ƙasa na farko da na koya.

Baba yakan ba mu labarin kogin da ya sani yana yaro, kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Ya ce a da da damina kogin yakan cika ya tumbatsa, ya malale fadama, ya bar mata sabuwar ƙasa mai taushi. Da rani kuwa ya janye ya bar faffaɗan rairayi da 'yan gurabe, a tona da hannu ruwa ya fito. Bayan Tiga, sannan madatsar Challawa a 1992, sai ruwa ya zama na saki: yana gudana rani da damina, noman rani ya bunƙasa, amma tumbatsar da take ciyar da fadama ta ragu, wasu kifayen suka yi wuyar gani. Bai taɓa cewa madatsun sharri ne ba. Ya san da su birnin Kano yake shan ruwa, da su ake noman shinkafa da alkama a Kadawa da Kura. Cewa kawai yake yi kogin ya sauya hali, kuma wanda ke ci daga hannun kogi dole ya koyi sabon halinsa.

Ina ajin ƙarshe na sakandare Baba ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Muka rage ni da Inna da kakata da ƙannena mata uku da Yayana, wanda ya girme ni da shekara shida. Kamun kifi ba ya riƙe gida irin wannan. Ba a yi arba'in ba Yaya ya rataye komar Baba a zaure, ya ɗauki kwale-kwalen da shebur da bokiti ya shiga aikin yashi.

Wanda bai taɓa ganin wannan aiki ba zai ɗauka wasa ne. Mutum zai tura jirgi zuwa tsakiyar ruwa, ya kafa sanda, ya nutse da bokiti, ya ciko shi, ya taso ya juye, ya sake komawa, har jirgin ya yi nauyin da ruwa ke leƙen bakinsa. Sannan ya turo shi gaɓa, a sauke da shebur, a tara tsibi, 'yan lodi su watsa a bayan tifa. Da hunturu, lokacin da mutane suke jin ɗumi a bakin murhu, Yaya yana cikin ruwa tun asuba. Idanunsa suka yi ja, tafin hannunsa ya zama kamar ƙirgi, kunnensa na hagu ya fara zubar da ruwa. Kowace tifa da ta haura ta nufi Kano, inda ake buga bulo ana ta da benaye. Da kuɗin wannan yashi aka biya mini jarrabawar fita, da shi na shiga jami'a a garinmu, da shi aka aurar da babbar ƙanwata. Ban taɓa neman kuɗin rajista Yaya ya ce in dawo gobe ba.

Labarin ƙasa na karanta, kuma da lokacin rubuta kundin kammalawa ya zo, sai na zaɓi in yi nazarin haƙar yashi a bakin koginmu. A cikin karatun da na yi na tarar da abubuwan da suka tayar mini da hankali. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya tana cin yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 kowace shekara, kuma bayan ruwa babu albarkatun ƙasa da ɗan Adam yake ɗiba kamar su. Rairayin hamada, duk da yawansa, ba ya kama siminti da kyau, domin iska ta goge ƙwayoyinsa sun yi sumul; shi ya sa ido yake kan na koguna. Abin da ya fi damuna shi ne wannan: madatsar ruwa ba ruwa kaɗai take tarewa ba, har da yashin da ruwan ya ɗauko. Ke nan ɓarɓashin duwatsun kudu da malamina ya ba mu labari, mafi yawansa yanzu a bayan Tiga yake kwanciya. Muna ɗiba daga rumbun da aka rage zuba masa. Idan aka ci gaba da ɗiba, cikin kogi yana zurfafa, gaɓa ta rasa abin jingina ta rufta, ruwan rijiyoyin kusa ya bi kogin ya yi ƙasa, ƙafafun gada ma ruwa ya fara tone gindinsu.

Na ɗauki igiyar awo da littafi na bi gaɓa ina aunawa. Rana ta uku na iso gonarmu, wadda na yi kusan shekara biyu ban taka ba saboda karatu da kuma, in faɗi gaskiya, wani girman kai da ya fara shiga ta. Na tsaya a gindin mangwaron kakana na fara ƙirga taku. Ban kai 10 ba ƙasa ta ƙare. A ƙasana gaɓa ce a tsaye kamar an yanka ta da wuƙa, saiwoyin mangwaron suna reto a iska. Kwamin albasar Baba da wurin da yake ɗora injin ban ruwa duk sun tafi. Can a cikin ruwa jirage sun fi 20, kuma na gane namu tun daga nesa, saboda facin kwano da Baba ya yi masa a goshi.

Da daddare na sami Yaya a zaure yana ɗiga man zafi a kunne. Ban yi sallamar kirki ba na fara zuba masa abin da na karanta. Na kawo tan biliyan 50, na kawo Tiga, na kawo zaizayar ƙasa. Na ce da hannunmu muke cinye gonar mahaifinmu. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce: "Malam, ka gama?" Bai taɓa kirana Malam ba sai ran nan. Ya ce: "Duk abin da ka faɗa na riga ka sani. Ni nake nutsewa. Inda da ruwa yake kawo mini ƙirji, yanzu sai na yi tsawona biyu kafin in taɓa ƙasa. Amma faɗa mini, takardar da ka rubuta wannan bayani a kai, da kuɗin me aka saye ta?" Ya miƙo mini tafin hannunsa a ƙarƙashin fitila, bai ƙara cewa komai ba. Na rasa amsa. Na tashi na shiga ɗaki, kunya ta hana ni barci.

Da safe kakata ta kira ni rumfarta. Ta ji komai, domin katangar gidanmu ba ta riƙe sirri. Tana murɗa bakin wani tulu ta ce: "Maigidana, zo ka zauna, na ji jiya ka yi wa'azi." Ta tambaye ni ko na san inda take samun yumɓu. Na ce fadama. Ta ce tun tana budurwa magina suna da ramuka da yawa, kuma ba a taɓa zama a kan guda ɗaya har a kashe shi. Idan aka ɗiba a wannan bana, sai a bar shi damina ta cike shi, a koma wancan. Ba a haƙa kusa da gonar mutum, ba a haƙa a hanyar shanu. Babu wanda ya rubuta wannan doka, amma wadda ta karya ta sai ta ji a bakin tsofaffi. Ta ce: "Ɗiba ba laifi ba ne, kowa a nan ɗiba yake yi. Masunci yana ɗiba, ni ina ɗiba, mai shanu yana ɗiba. Abin da ya ɓace shi ne mai cewa ya isa haka. Kai da ka yi karatu, maimakon ka nemo wannan, sai ka zo ka tsaya a kan wanda ya ɗauke ka a wuya."

Wannan magana ta sauya kundin nawa. Babin ƙarshe da na riga na rubuta cewa ya yi a hana haƙar yashi baki ɗaya. Na yage shi. Na koma bakin kogi ba tare da igiyar awo ba, na zauna da masu nutso da 'yan lodi da masunta da masu gonakin gaɓa, na saurare su. Na gane cewa mai nutso shi ne ya fi kowa wahala kuma ya fi kowa ƙaramin rabo. Ribar tana ƙaruwa ne yayin da yashin yake nisa da ruwa. Na gane cewa su kansu sun san wuraren da kogi yake tara yashi a tsakiya, inda ɗiba ba ta cika cutarwa ba, da wuraren da taɓa su yake rusa gaɓa. Abin da yake tura su gefe shi ne sauƙin lodi da gaggawar masu mota. Sabon babin ya nemi a ware tazara daga gaɓa da gada wadda ba za a haƙa ba, a riƙa hutar da wurare bi da bi kamar ramukan magina, a sa Sarkin Ruwa da masu unguwanni da ƙungiyar masu aikin cikin tsaron dokar, a kuma mayar da wani kaso na harajin kowace tifa wajen dasa itatuwa da ciyawa masu riƙe gaɓa. Na san kundin ɗalibi ba ya sauya doka. Yana can a kan kanta tare da ɗaruruwan irinsa. Amma aƙalla ban ci amanar waɗanda suka ba ni labarinsu ba.

Kafin in miƙa shi, na kai wa Yaya na karanta masa babin da Hausa, na kuma ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Bayan 'yan makonni wani mai motoci ya aiko a tambaye mu ko za mu sayar da abin da ya rage na gonar, domin ƙarƙashinta yashi ne mai kyau, kuma mota za ta iya isa har bakinsa. Kuɗin da ya taya ya isa a yi wa Yaya aikin kunne, a kuma yi wa ƙanwata ta biyu kayan ɗaki. Inna ta ce maganar tana hannun maza. Ni na yi shiru, domin na riga na koyi cewa ba ni da bakin hana abin da ban iya maye gurbinsa ba. Yaya ya kwana biyu yana tunani, sannan ya aika a ce a yi haƙuri. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce: "Na tsakiyar ruwa na kowa ne, ina ɗiba ina neman gafara. Wannan kuwa Baba ne ya bar mana, kuma idan ta tafi ta maƙwabcinmu ce za ta biyo baya."

Mangwaron bai tsira ba. Daminar da ta biyo ta tafi da shi cikin dare ɗaya. Yaya har yanzu yana nutso, ko da yake ya daina matsowa gefe, kuma kwana uku a mako yake yi tun da na fara koyarwa a wata makarantar sakandare ina ɗaukar rabin nauyin gida. Aikin kunnen sai bara muka iya yi, bayan jinsa ya riga ya ragu. A bakin abin da ya saura na gonar mun dasa layin jema da 'yan itatuwa, muna ba su ruwa da bokitin da ya huje ya daina amfani a jirgi.

Duk shekara nakan kai ɗalibaina bakin kogi. Nakan nuna musu gada da motocin da ke wucewa a kanta, in sa kowa ya ɗebi yashi a tafin hannu, in gaya musu daga inda ya taso da inda za shi. Da yawansu 'ya'yan masu nutso ne, wasu ma da kansu suke lodi ranar Asabar. Daga nan sai mu gangara gonarmu, in tsayar da ɗaya a kan kututturen da muka kafa a madadin mangwaron, in ce ya ƙirga takunsa zuwa bakin ruwa, mu rubuta a littafi tare da kwanan wata. Bara taku 6 muka samu. Bana ma 6 ne.